Nasani da Ƙwayar Sauti

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai aski da na mai sayar da katifa, akwai wani ɗan shago wanda in mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Mai shagon gyaran waya yake yi. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, kowa Nasani yake ce masa, domin ba a kai ƙarshen magana a gabansa. In ka ce, "Wayata ce ta faɗa..." sai ya ce, "Na sani, a ruwa." Ka ce, "A'a, daga bene," ya ce, "Na sani, ai benen ma da laima."

Wata rana kasuwa ta yi sanyi, yana ta lalube a kwamfutarsa, sai ya ci karo da wata manhaja. Aikinta kwaikwayon sautin kwamfutocin da, irin waɗanda ake jonawa a talabijin a yi wasa tun kafin waya ta shiga aljihu. A cikin waɗancan na'urori akwai wata 'yar ƙwaya baƙa mai ƙafafu jere kamar kyankyaso, ita ke fitar da kiɗan: ƙit, ƙit, firrr, tuuu. Murya uku kacal take iya yi a lokaci guda, sai wani ɗan shuuu da ake yin ganga da shi. An daina ƙera ƙwayar tuntuni, shi ne masana suka rubuta manhajar da ke yin muryarta sak, har makaɗan gaske suna haɗa waƙa da ita.

Nasani ya danna maɓalli, ta ce ƙit. Ya danna wani, ta ce tuuu. Kafin la'asar ya zama makaɗi.

Ya leƙa shagon mai aski ya ce, "Maƙwabci, ajiye almakashin nan ka zo ka ga inda duniya ta dosa."

Mai aski ya zo ya kasa kunne, ya ce, "Wannan ai kukan firiji ne in an manta ƙofarsa a buɗe."

"Ka ji matsalarku. Kun saba da kiɗa mai tarkace, ganguna barkatai, mawaƙa kamar taron kasuwa. Wannan murya uku ce. Mai ilimi da uku yake magana."

"To kai me ya sa kake yi da ɗari?"

Nasani bai ji wannan ba, ko kuwa ya ji ya ƙi ji.

Ana nan, ranar hutu suka je gaida surukinsa shi da matarsa. Surukin, wanda kowa ke kira Baba, shi ne mai kula da rigakafin gobara a wata masana'antar sabulu, kuma lokacin ritayarsa ya yi. Mutum ne mai tsada da magana. Bai taɓa faɗa wa Nasani mummunar kalma ba, amma tun ranar da Nasani ya gyara masa rediyo, rediyon ya daina magana sai an kwantar da shi rubda ciki, Baba yake kallonsa kamar yadda ake kallon tukunyar gas a kusa da murhu.

Ana cikin cin abinci Baba ya ce abokan aiki za su yi masa liyafar ban kwana, suna neman wanda zai sa kiɗa.

Matar Nasani ta taka wa mijinta ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma ta makara.

"Baba, ina raye a nemo bare? Ai abin nema ya samu. Ba ma sa kiɗa zan yi ba, sabon kiɗa zan haɗa maka, naka na kanka."

Baba ya dube shi, ya dubi rediyon da ke kwance a kan kabad, ya ce, "Uhm."

Nasani ya ɗauki wannan a matsayin amincewa.

A hanyar gida matar ta ce, "Don girman Allah, Injiniya, liyafar nan sau ɗaya ake yi wa mutum a rayuwa. Manaja zai zo. Ƙannena duk za su zo da mazajensu. Ka bar ni in zauna cikinsu da fuskata."

"Na sani, Uwargida. Ranar sai kin riƙa nuna ni kina cewa nawa ne."

"Abin da nake tsoro ke nan, kada a ce in nuna."

Washegari ya fito da lasifika ƙofar shago, wai yana so ya ji yadda kiɗan ke tafiya a iska. Ya saki murya ta farko: ƙit, ƙit, ƙit, ƙit. Daidai lokacin wani mai baro ya taho da lodin kiret-kiret na ƙwai. Ya ji ƙit-ƙit a bayansa, ya zaci babbar mota ce ke ja da baya, ya karkata ba shiri ya afka cikin kayan mai katifa. Shi dai ya sauka a kan katifa lafiya lau. Ƙwan ma a kan katifar ya sauka, amma shi ba lafiya ba.

Nasani bai ma lura ba, ya ƙara murya ta biyu: firrr, firrr. Wani mutum da ake yi wa aski ya ji kamar ƙarar da ya sa wa lambar ogansa, ya zabura zai laluba aljihu, injin aski ya shimfiɗa masa titi daga ƙeya har goshi.

Kafin ka ce kwabo, mai katifa, mai baro, mai aski da mai titi a ka duk sun tsaya a ƙofar Nasani.

Mai katifa ya ce, "Wa zai sayi katifa mai gwaiduwa?"

Nasani ya ce, "Ku dai ku lura da abu ɗaya. Murya biyu kawai na saki, mutum huɗu suka taso. To ina ga na cika ta ukun?"

Mai titi a ka ya ce, "Cika ta, ni kuma in cika maka baki da hannu."

Aka yi sulhu a kan ya koma gida da kiɗansa.

A gida ya shige ɗaki, ya rage sauti sosai, ya zauna a ƙasa a bayan gado yana gwada murya ta uku, wata siririya mai wiiii. Matar tana kicin ta ji. Ta shigo a hankali da gwangwanin maganin sauro, ta bi sautin da kunne, ta juya fuska gefe ta feshe bayan gadon kaf. Nasani ya fito da rarrafe yana tari, hawaye na zuba.

"Haba Uwargida, kashe ni za ki yi?"

"Wallahi na ɗauka uban sauro ne ya shigo. Ashe kai ne."

Don kada a sake kuskure, sai ya ƙure sautin. Tuuu, tuuu, tuuu. Hajiya mai gidan haya tana alwala a tsakar gida ta ji, ta tabbata mitar wuta ce za ta fashe. Ta ruga da buta a hannu ta sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya. Fanka ta tsaya, talabijin ɗin maƙwabta ya mutu ana tsakiyar ƙwallo. Kwamfutar Nasani ma ta ɗauke, domin batirinta ya daɗe da mutuwa, mai gyara kuwa ba ya gyara nasa. Duk abin da ya haɗa tun safe ya bi iska.

Wani da tuni ya haƙura. Nasani kuwa ya zauna ya yi nazari, ya gano inda laifin yake, kuma ba a wurinsa ba ne.

"Manhajar nan kwaikwayo ce," ya ce wa matar. "Kwaikwayo kuwa ba ya kai asali. Shi ya sa jahilai suke jin ta kamar sauro. Ƙwayar gaske nake bukata."

Ya nufi wurin 'yan gwangwan, inda ake tara matattun injuna. Ya tsaya a gaban wata rumfa, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba.

"Ƙwaya nake nema. Tsohuwa, irin ta da, mai ƙarfi. Wadda in ta ɗau zafi mutum zai ji sauti har tsakiyar kansa."

Mai gwangwan ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, nan ƙarfe muke sayarwa."

Sai da aka daɗe ana jan magana kafin suka fahimci juna. Mai gwangwan ya ɓalle wata baƙar ƙwaya mai ƙafafu daga cikin tsohon injin wanki, ya fara cewa, "Wannan dai daga injin..."

"Na sani. Ita ce."

Abin da Nasani bai sani ba shi ne, wata maƙwabciyar surukarsa tana nan rumfar gefe tana neman murfin tukunya, kuma rabin farko na maganar kawai ta ji. Kafin ya iso gida, labari ya riga shi. Ya tarar da surukarsa, Mama, zaune a falo ido jajur, matarsa na gefe ta rafka tagumi.

Ya durƙusa zai gaishe ta, ta ce, "Riƙe gaisuwarka. Matso nan. Buɗe idonka in gani."

Ya buɗe. Idon kuwa har yanzu ja ne saboda maganin sauro.

Mama ta tafa hannu ta ce, "Shi ke nan. Ɗan nan, me muka rage ka da shi? Tun yaushe ka fara?"

"Mama, bai fi mako ba. Amma na yi nisa sosai."

"Kin ji ko? Da bakinsa. Ina take?"

Nasani ya sa hannu a aljihu da murna, ya ciro ƙwayar ya ɗora a tafin hannu. Mama ta sunkuya ta duba, ta ja da baya.

"Innalillahi. Har da ƙafafu? Haɗiyewa kake yi ko tsotsa?"

Sai da matar ta yi dariya har ta zame daga kujera, sannan ta yi wa uwarta bayani. Mama ta tashi ta gyara mayafi, ta ce, "To da ƙwayar maye ce ma da an san maganinta. Wannan sai addu'a."

Ƙwaya dai ta samu, amma babu inda za a soka ta a jikin kwamfuta. Nasani ya juya na'urar, ya ga wasu ƙananan ramuka a gefe inda iska mai ɗumi ke fita. Ya ce lallai ta nan sauti ke numfashi. Ya ɗora ƙwayar a kai, ya naɗe da salatif har sai da ramukan suka toshe, domin sautin ya bi ta cikinta ya fito da ɗanɗanon da.

Sannan ya karanta a wani wuri cewa tsofaffin ƙwayoyi sun fi zaƙin murya in sun ɗumama. Ya je ya aro na'urar busar da gashi a wurin mai aski.

Mai aski ya ce, "Kwamfutar ce ta yi wanka?"

"Ilimi ne, maƙwabci. Ba aski ba ne."

Nan a gaban mai aski ya hura wa kwamfutar zafi har sai da maɓallai suka fara laushi kamar alewa a rana. Ɗaya daga cikinsu ya lotsa, in an danna shi sai ya maƙale, sai an sa sukundireba an ɗago. Nasani ya kunna kiɗan, ya lumshe ido yana kaɗa kai.

"Ka ji bambanci?"

Mai aski ya ce, "Na ji. Da kuka take yi, yanzu roƙo take."

Ranar liyafa ta zo. An gyara ɗakin cin abincin ma'aikata, an rataye balan-balan, an ajiye ƙaton kek a tsakiya. A jikin bango an jera katan-katan na garin sabulu da za a raba wa baƙi. Baba yana zaune a gaba cikin sababbin kaya kusa da manaja. Matar Nasani ta zauna cikin ƙannenta, bakinta na motsi, addu'a take yi.

Nasani ya shigo da kwat da baƙin tabarau, kwamfuta a hammata. Mai wutar masana'anta ya nuna masa lasifika biyu da aka tanada. Nasani ya yi tsaki.

"Waɗannan 'yan kofuna? Waccan wayar ta bango fa, ina ta nufa?"

"Waccan ta sanarwa ce, tana zuwa kowane ɗaki a masana'anta. Ita ce kuma ake..."

"Na sani. Jona ni a can. Har masu aikin rana su ji, kada a bar su a baya."

Manaja ya yi jawabi, aka yi tafi. Aka miƙa wa Baba wuƙa ya tsaya a kan kek. Mai gabatarwa ya ce kafin a yanka, surukin Baba ya haɗa kiɗa na musamman. Nasani ya karɓi makirfo.

"Jama'a, abin da za ku ji yanzu, kunnenku bai taɓa ji ba. Wanda ya ji jikinsa ya motsa, kada ya ji kunya, ya tashi."

Ya saki murya ta farko, ƙit, ƙit, ƙit. Ya ƙara ta biyu, firrr. Mutane suka dubi juna, wasu suka duba wayoyinsu. Sannan ya murɗa wani abu da ke sa sauti ya hau ya sauka, ya danna murya ta uku da ƙarfi don armashi. Maɓallin da ya lotsa ne. Ya shige bai dawo ba.

Wiiiii-wuuuu, wiiiii-wuuuu, daga kowace lasifika ta masana'anta, daga ɗakin injuna har banɗaki.

Baba ya ajiye wuƙa a hankali. Ya sa hannu cikin wuyan sabuwar rigarsa ya zaro usur, domin ko ranar ritaya bai bar shi a gida ba. Ya busa.

Tun da Baba ya kama aiki yake yi wa mutanen nan atisayen gobara, kuma kullum sai wani ya koma ɗauko hula, wani ya tsaya ƙarasa shayi. Amma atisaye ana sanar da shi tun jiya. Wannan kuwa babu sanarwa, ga kuma fuskar Baba babu wasa. Gaba ɗaya ɗakin ya miƙe kamar mutum ɗaya.

Nasani ya ga an miƙe, ya washe baki. Ya waiga wajen matarsa ya ɗaga mata babban yatsa, ya ƙara sauti.

Aka yi ƙofa. Ƙafa me na ci ban ba ki ba, amma a layi, kamar yadda Baba ya koyar. Manaja ya bar takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur. Mama ta fita riƙe da balan-balan ba ta san ta riƙe ba. Masu aikin rana suka kashe injuna suka biyo baya.

Matar Nasani ta zo ta kama hannun kwat ɗinsa. "Kashe abin nan."

"Rawa za su yi a waje, nan ya yi musu kaɗan."

"Gudu suke yi, Injiniya. Kashe."

Ya danna, ya sake dannawa, kwamfuta ta ƙi ji. Ya laluba aljihu neman sukundireba, ya tuna yana cikin wandon jiya. Ya gwada da cokali, maɓallin ya ƙara nutsewa, zare wayar wuta kuwa ko a ransa bai zo ba. Matar ta ce Allah ya ba da sa'a, ta bi layi.

Ita kuwa kwamfuta, da aka toshe mata hanci da ƙwayar injin wanki, ta yi haƙuri iya haƙuri. Salatif ya fara narkewa, wani siririn hayaƙi ya taso. Nasani ya ɗauki faranti yana yi mata fifita.

Mai gadi tun ƙarar farko ya kira 'yan kwana-kwana. Suka banko ƙofa da mesa a hannu, suka ga hayaƙi, suka ga mutum da baƙin tabarau yana hura shi da faranti. Nasani ya ɗaga hannu zai yi bayani.

"Tsaya, wannan amshi ne, bai ma kai..."

Ruwan farko ya tafi da tabarau. Na biyu ya tafi da kwamfuta, kiɗa ya tsaya. Na uku ya zarce ya bugi kek, ya wuce ya fasa katan-katan na garin sabulu. Masana'antar kuwa ba ta ha'inci, sabulunta mai kumfa ne. Kafin a rufe famfo, kumfa ta cinye tebura, ta cinye kujeru, ta cinye Nasani.

A fili, jama'a na tsaye sahu-sahu suna kallon ƙofa. Da farko kumfa ce ta fito a hankali, kamar tana leƙe. Can sai ga wani farin dutse ya taho a kan gindinsa, ya sauko matakala ɗaya bayan ɗaya, ya zamo har gaban manaja ya tsaya. Dutsen ya yi atishawa, fuskar Nasani ta bayyana.

Ƙanwar matar ta ce, "Yaya, wancan ba naki ba ne?"

Matar ta ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Sai ya bushe zan gane shi."

Dariya ta ɓarke tun daga sahun gaba har na baya. Baba ne kawai bai yi ba. Ya bi sahu yana duba fuskoki, hannu a baya, har ya kai ƙarshe. Da ya dawo idonsa ya ciko.

Ya ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, tsawon aikina ban taɓa ganin sun fita haka ba. Ko hula ba wanda ya koma ɗauka. Yau zan tafi gida da kwanciyar hankali." Ya juya ya dubi tarin kumfar. "Mutum ɗaya ne ya faɗi, shi ma a gidana yake cin abinci."

Manaja yana tsaye da takalmi ɗaya, ya dubi sahun ma'aikatansa. Sannan ya ce tsohuwar ƙararrawar masana'anta ta daɗe da zama kamar kiran cin abinci, ba mai tsoronta. Ya tambaya ko akwai wanda ya naɗi sautin Nasani a waya. Hannuwa suka tashi da yawa.

Ranar babu mai tasi da ya yarda ya ɗauki Nasani. Da ƙafa ya koma gida, yana tafe yana zubar da kumfa, matarsa na can gaba da tazarar da ba za a ce tare suke ba.

Bayan mako guda aka sa sautin a masana'anta a matsayin sabuwar ƙararrawar gobara. Nasani ya ji labari, ya fito ƙofar shago ya gyara tsayuwa, ya kira mai aski.

"Maƙwabci, ka ji ko? An ɗauki kiɗana. Nuna mini makaɗi ɗaya a garin nan wanda in an sa waƙarsa, masana'anta guda ke miƙewa tsaye, har da manaja."

Mai aski ya ce, "Miƙewa suke su gudu."

Nasani ya ce, "Wannan kuma tsakaninsu da ƙafafunsu. Ni dai nawa in tashe su."